Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Ciki Ba: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙananan Halittun da Ke Zaune a Jikinmu

Shekara talatin da suka wuce, da wuya ka sami likitan yara da manomi da masanin falsafa da mai tonon kayan tarihi suna musu kan abu ɗaya. Yanzu sun sami abin da ya haɗa su, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda suka mai da jikin mutum da dabba da tsiro gidansu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Mene ne maikrobayom?

Kalmar tana nufin dukkan ƙananan halittun da ke zaune a wuri guda, haɗe da kayan gadon da suke ɗauke da shi. A jikin mutum akwai bakteriya, da yis da danginsa, da bairos iri-iri, da wasu da ake kira akiya. Suna kan fata, suna baki da hanci da al'aura, amma babban birninsu shi ne babban hanji. Ƙasar gona tana da nata, haka tumbin saniya, haka ƙwaryar nono.

Ai waɗannan su ne ƙwayoyin cuta, ko?

Nan ne Hausa ta ɗaure mu. Sunan da muka ba su ya riga ya yanke musu hukunci, domin da ka ce "ƙwayar cuta" ka gama cewa abokiyar gaba ce. Ba laifin harshen ba ne, haka ilimin ya iso mana.

Wanda ya fara ganin su wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na Holand, Antonie van Leeuwenhoek. A 1683 ya kankaro dauɗar haƙoransa, ya sa a madubin ƙara girman abu da ya ƙera da hannunsa, ya ga halittu suna ta motsi, ya rubuta wa masana na Landan. Bai kira su abokan gaba ba, mamaki kawai suka ba shi. Sai bayan kusan shekara 200 Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus suka nuna cewa wasunsu ne ke kawo cututtuka. A 1882 Koch ya gano ta tarin fuka. Daga nan aikin likitanci ya koma farauta: nemo mai laifi, kashe shi. Dabarar ta ceci rayuka ba adadi, musamman bayan Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. Sai dai ta sa aka manta cewa masu kawo cuta 'yan ƙalilan ne a cikin taron.

Abin da ya hana a san sauran shi ne yawancinsu ba sa tsira a farantin ɗakin gwaji, da yawa ma iska tana kashe su. Carl Woese na Jami'ar Ilinoi ne ya buɗe wata ƙofar, ta gane halitta daga rubutun gadonta, abin da daga baya ya sa ba sai an rene ta ba. Da wannan hanya ya gano a 1977 cewa akiya reshe ne na daban a bishiyar rayuwa. Da kuɗin karanta DNA ya faɗi, sai Amurka ta buɗe babban shirin nazarin maikrobayom ɗin ɗan'adam a 2007, Turai ta bi da nata a 2008. A shafin nan za mu riƙa ce musu mazauna jiki, mu bar "ƙwayar cuta" ga wadda ta cancanci sunan.

Da gaske ne sun ninka ƙwayoyin jikinmu sau goma?

A'a. Wannan lissafi ne na kirdado da aka yi a shekarun 1970, aka yi ta kwafa har ya zama kamar karatu. A 2016 masu bincike na Cibiyar Weizmann suka sake ƙirgawa: namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, ƙwayoyin ginin jikinsa kuma kusan tiriliyan 30. Kusan kunnen doki ke nan. Nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba. Inda suka yi mana fintinkau shi ne kayan gado. Mutum yana da ɗaiɗaikun umarnin gado da ake kira "jin" kusan 20,000, su kuwa kundin farko da aka fitar a 2010 na mazauna hanji ya ƙunshi miliyan 3.3.

Wane aiki suke yi mana?

Na farko, suna cin abin da ya gagare mu. Dusar gero da dawa, ɓawon wake, zaren kuka da rama da zogale, duk ƙaramin hanji ba ya iya narkar da su. In sun isa babban hanji sai bakteriya su ruɓar da su, su fitar da wasu sinadarai da bangon hanjin ke rayuwa a kansu. Suna kuma samar da bitamin K da wasu daga cikin dangin B, suna cike wuri yadda baƙuwar ƙwayar cuta ba za ta sami masauki ba.

Na biyu, su ne malaman garkuwar jiki. An gane haka daga ɓerayen da ake haifa ana renonsu cikin akwatin da ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga. Irin waɗannan ɓeraye garkuwarsu ba ta cika, hanjinsu ba ya ginuwa daidai, suna cin abinci fiye da 'yan'uwansu amma ba sa tara kitse kamarsu.

Har maganin asibiti suna sa wa hannu. Akwai wata bakteriya, Eggerthella lenta, da ke kashe ƙarfin digoxin, maganin ciwon zuciya, kafin ya shiga jini. Mutum biyu su sha ƙwaya ɗaya, ɗaya ta yi masa aiki ɗaya ta ƙi, kuma bambancin yana iya kasancewa a hanji.

Daga ina jariri yake samo nasa?

Daga uwa da farko, a hanyar fitowa da kuma fatarta da nononta. Jaririn da aka yi wa uwarsa aiki aka ciro shi yakan fara da wani zubi daban, ko da yake tazarar tana raguwa yayin da yake girma. Kada wannan ya sa wata ta ƙi tiyata in likita ya ce ita ce mafita.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne nonon uwa. Cikinsa akwai wasu nau'o'in sukari sama da 100 waɗanda jariri ba ya iya narkarwa ko kaɗan. An daɗe ana mamakin amfaninsu kafin a gane abincin wata bakteriya ce, Bifidobacterium, wadda ke mamaye hanjin jariri ta hana masu cuta wuri. Wato uwa tana shayar da baki biyu. Dakashi, ruwan nonon farko da a wasu gidaje ake matsewa a zubar don wai ba shi da kyau, shi ne ya fi kowane yawan wannan sukari.

Wajen shekara uku mazauna hanjin yaro sun kusa kama zubin na manya. Daga nan gida ne ke yin sauran. Wani bincike kan mutum fiye da 1,000 a 2018 ya gano cewa waɗanda ba su haɗa jini ba amma suna kwana gida ɗaya sun fi kama da juna a hanji fiye da 'yan'uwan da ba su taɓa zama tare ba. Zama da maɗaukin kanwa dai.

Me ya haɗa wannan da tamowa? Ba rashin abinci ba ne kawai?

Rashin abinci ne tushe, kada a ruɗe. Amma ma'aikatan cibiyoyin tamowa sun san wani abu mai cin rai: a ba yaro abincin gyaɗar nan na cikin leda, ya murmure, a sallame shi, bayan 'yan watanni a dawo da shi. Sun kuma ga tagwaye, uwa ɗaya, tukunya ɗaya, ɗaya ya kumbura ɗaya lafiya lau.

Ɗakin binciken Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke Sen Luwis ya bi wannan zare a Malawi. Sun bibiyi tagwaye 317 bibbiyu, suka fitar da sakamako a 2013. Daga cikin tagwayen da ɗaya ya kamu da kwashiyoko, wato tamowar kumburi, ɗaya bai kamu ba, sun ɗauki bayan-gidan gida uku suka dasa wa ɓerayen nan marasa ƙwaya, suka ciyar da su irin abincin ƙauyukan Malawi. A gida biyu cikin ukun, ɓerayen da suka karɓi na yaron mara lafiya sun rame sosai, waɗanda suka karɓi na ɗan'uwansa ba su rame haka ba. Abincin kaɗai bai jawo ramar ba, ƙwayoyin kaɗai ma ba su jawo ta ba, sai da suka haɗu.

Daga nan aikin ya koma Bangaladash, tare da cibiyar binciken gudawa ta Daka. Suka lura hanjin yaro mai tamowa yana tsayawa a baya, ɗan wata 18 amma mazaunansa na ƙaramin jariri. Sai suka tambayi kansu: wane abinci ne zai ciyar da bakteriyar da ta kamata ta bunƙasa a wannan shekaru? Suka haɗa garin wani wake na Asiya, da waken suya, da gyaɗa, da ɗanyar ayaba. A gwajin da aka buga a 2021, yara 'yan wata 12 zuwa 18 da suka ci wannan haɗi sun fi saurin ƙara nauyi kan waɗanda suka ci abincin da aka saba bayarwa, alhali haɗin bai kai wancan ƙarfin kuzari ba. Gwajin ƙarami ne, yara ɗari da 'yan kai. Duk da haka ya girgiza lissafin masana abinci, waɗanda suka saba ƙirga abin da ya shiga baki kawai. A ganina wannan shi ne reshen binciken da ya fi cancantar a sa masa ido daga Maraɗi zuwa Katsina, domin kayan haɗin ba su fi ƙarfin kasuwarmu ba.

An ce a Nijar an rage mutuwar yara da maganin da ke kashe bakteriya. Ba a saɓa wa abin da kuka faɗa ba?

An saɓa, kuma shi ya sa labarin yake da muhimmanci. Masu raba azithromycin don ciwon ido na tarakoma a Habasha ne suka fara lura cewa mutuwar yara ta ragu a garuruwan da aka raba shi. Sai aka shirya babban gwaji a Nijar da Malawi da Tanzaniya: duk wata shida a ba yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin sau ɗaya, da mai ciwo da mai lafiya. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a jimilla, a Nijar kuwa, inda aka yi aikin a jihar Doso, da kashi 18.

Da aka duba bayan-gidan yaran sai aka ga abu biyu. Wasu nau'o'in bakteriyar Campylobacter masu kawo gudawa sun ragu, wanda ƙila yana cikin dalilan ceton. Amma kuma bakteriya masu jure wa wannan magani sun ƙaru. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce za a iya duba yiwuwar rabon, amma ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 kawai, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, tare da sa ido kan jurewar.

Wannan ba tambayar likita kaɗai ba ce. Yaro na gabanka yau, ga kuma yaran da ba a haifa ba waɗanda maganin zai iya daina yi musu aiki. Wa ke da ikon auna ɗaya da ɗaya? A 2019 kaɗai jure wa magani ya kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a. Rabon da hukuma ta tsara tana bibiya daban, shiga kemis a sayo kafso ja da yalo don mura daban. Na biyun ba ya taɓa mura, mazauna hanji kawai yake ɓarnatarwa.

Hausawa na cewa farin ciki da baƙin ciki. Kimiyya ta gaskata cewa zuciya a ciki take?

Harshenmu ya daɗe da ajiye motsin rai a ciki: mai zurfin ciki, cikinsa ya ɗuri ruwa, hantarsa ta kaɗa. Daɗin faɗa gare shi a ce kakanni sun riga kimiyya, amma a yi hattara.

Abin da aka tabbatar shi ne hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wata doguwar jijiya da ta jini, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin, sinadarin da ke da alaƙa da yanayin rai, a hanji ake yin sa. A 2004 masu bincike a Japan sun nuna ɓera mara ƙwaya yana firgita fiye da kima in an takura shi, kuma in an dasa masa bakteriya yana ƙarami abin yana daidaita. Sai dai serotonin ɗin hanji ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa, ɓera kuma ba mutum ba ne. An sha samun bambanci a hanjin masu ciwon damuwa, amma mai damuwa cinsa da barcinsa da magungunansa duk sun canza, don haka da wuya a ce wane ne ya haifi wane. Duk wanda ya tallata maka kwalbar bakteriya a matsayin maganin damuwa, ya yi gaban ilimin da ke hannu.

Ban da mutum fa?

A nan ne ma abin ya fi fitowa fili. Saniya ba ta narkar da ciyawa. Mazauna tumbinta ne ke yi, ita kuma tana rayuwa kan abin da suka fitar, har su kansu tana narkarwa. Gara ba za ta ci katako ba sai da nata. Ƙudan tsando yana ɗauke da wata bakteriya mai ba shi bitamin, in aka kashe ta sai ya kasa haihuwa. Manomin da ke shuka wake a tsakanin gero ya daɗe yana aiki da wannan ilimi: ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake gidajen bakteriya ne masu janyo naitirojin daga iska su mai da shi taki, abin da masana a Jamus suka tabbatar a shekarun 1880.

A tekun Hawayi akwai wata 'yar dabba mai hannuwa da yawa da ke zaɓo bakteriya guda daga ruwa ta ajiye a jikinta, bakteriyar tana ba da haske da dare ya ɓatar da inuwar dabbar daga masu farautarta. Margaret McFall-Ngai ta shafe shekaru tana nuna cewa gaɓar da ke riƙe hasken ba ta kammala ginuwa sai bakteriyar ta shiga. An kuma fara cin moriyar irin wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: a Yogyakarta ta Indonusiya an saki sauro mai ɗauke da bakteriyar Wolbachia, zazzaɓin dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100 a unguwannin da aka sake shi.

Mafi zurfi shi ne abin da Lynn Margulis ta rubuta a 1967, bayan mujallu kusan 15 sun ƙi bugawa. Ta ce 'yan injinan da ke samar da kuzari a cikin kowace ƙwayar jikinmu asalinsu bakteriya ne da wata halitta ta haɗiye tun fil azal suka zauna tare. An yi mata dariya. Yau yana cikin littafin ɗalibai.

To me ya kawo masana falsafa cikin zancen?

Tambayar "wane ne ni". Kimiyyar ƙarni na 20 tana da amsa uku. Kai ne rubutun gadonka. Kai ne garkuwar jikinka, wadda aikinta raba "ni" da "ba ni ba", ra'ayin da Macfarlane Burnet ya kafa har ya sami kyautar Nobel a 1960. Kai ne ƙwaƙwalwarka. A 2018 wani masanin al'adu, Tobias Rees, da masanan halitta biyu, Thomas Bosch da Angela Douglas, suka rubuta cewa duka ukun sun tsage. Yawancin kayan gadon da ke aiki a jikinka ba naka ba ne. Garkuwar ba mai gadin ƙofa ba ce da ke korar duk baƙo, ta fi kama da mai unguwa da ke sasanta mazauna, kuma baƙin ne suka koya mata aikin. Ƙwaƙwalwar ma tana sauraren hanji. Tun 2012 Scott Gilbert da abokansa biyu suka ce dabba ba ta taɓa zama abu guda tilo ba, taro ce.

In haka ne, katangar da jami'o'in Turai suka gina tsakanin masu nazarin halitta da masu nazarin ɗan'adam ta sami tsaga, domin an gina ta ne kan cewa mutum daban yake, a ware da sauran halitta. Abincin da uwa ta zaɓa al'ada ce, amma yana zama bakteriya, bakteriyar ta zama tsayin yaro. A ina al'ada ta ƙare, a ina halitta ta fara?

Ba kowa ya yarda ba. Nancy Moran, wadda ta yi fice a nazarin bakteriyar ƙwari, tana cikin masu cewa an zarce. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mazauna hanji ba gadonsu ake yi kamar launin ido ba, suna shiga suna fita, kuma kowace don kanta take, wadda ta amfane ka yau in ta tsallaka jini gobe za ta kashe ka. Mutum ya sha magani mazauna cikinsa su birkice, amma bashin da ya ci jiya yana nan a kansa. Ni dai na fi karkata gare su a nan. Jiki taro ne, wannan ba musu. Wanda ake yi wa hisabi kuwa guda ne. Bahaushen da ya tashi yana jin cewa mutum sai da mutane bai cika firgita da labarin ba kamar wanda aka rena kan cewa shi tsibiri ne.

Masu tarihi fa, me suka samu?

Sun sami shaidun da ba sa ƙarya don faranta wa sarki. Helicobacter pylori, bakteriyar da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna tana kawo gyambon ciki, har Marshall ya sha ta da kansa a 1984 don a yarda, tana bin iyali daga uwa zuwa ɗa. Da aka kwatanta nau'o'inta a duniya sai taswirar ta fito daidai da ta hijirar ɗan'adam daga Afirka kimanin shekara 60,000 da suka wuce. An ma same ta a tumbin Otzi, gawar shekara 5,300 da ƙanƙara ta adana a tsaunukan iyakar Italiya da Ostiriya, kuma nau'insa ya fi kusa da na Asiya fiye da na Turawan yau.

Dauɗar da ke daskarewa a gindin haƙori, wadda a da ake kankarewa daga ƙasusuwan tarihi a zubar, ta zama taska. Ana cikin binciken ta a wani tsohon gidan ibada na mata a Dalheim ta Jamus aka ga burbushin wani shuɗin dutse mai tsada da ake haƙowa a Afganistan a haƙoran wata mata da ta rayu wajen ƙarni na 11 zuwa 12. Bayanin da ya fi zama shi ne tana ƙawata littattafai tana lasar bakin burushi, aikin da aka daɗe ana jingina wa maza.

Na ƙauye sun fi na birni lafiyar hanji? Ke nan ƙazanta ta fi tsafta?

A 2010 an kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran Fulorens ta Italiya. Na ƙauyen sun fi yawan nau'o'i, musamman bakteriyar Prevotella mai narkar da dusa. An ga irin haka a mutanen Hadza na Tanzaniya, inda har mazaunan ke canzawa da rani da damina. A Nijeriya, Funmilola Ayeni da abokan aikinta sun kwatanta Bassa na karkara da mazauna birni a 2018. A Amurka an bibiyi 'yan ƙabilun Hmong da Karen da suka yi ƙaura daga Tailan zuwa Minisota, aka ga cikin watanni sun fara rasa nau'o'in da suka zo da su. Can kuma, a wasu al'ummomin manoma biyu, yaran Amish masu tasowa kusa da dabbobi asma ta kama kusan kashi 5 cikin 100 nasu, yaran Hutterite masu noman inji nesa da garke kashi 21.

Amma yawan nau'o'i ba shi ne lafiya ba. Yaran ƙauyen nan su ne gudawa da kwalara suka fi kashewa. Abin da birni ya rasa shi ne dusa da ganye da cuɗanya da ƙasa da dabba, ba ruwan kududdufi ba. A wanke hannu, a tafasa ruwa, a yi rigakafi.

Dashen bayan-gida fa? Da gaske ana yi?

Ana yi, ga cuta ɗaya musamman. Akwai gudawar da bakteriyar Clostridioides difficile ke kawowa bayan magani ya share mazauna hanji, tana dawowa tana kisa. A wani gwaji a Amstadam da aka buga a 2013, cikin mutum 16 da aka zuba wa tataccen bayan-gidan mai lafiya 15 sun warke, cikin 13 da aka ba maganin da aka saba 4 kawai. Sai da aka tsayar da gwajin don bai kamata a ci gaba da hana sauran ba. Likitan Sin Ge Hong ya rubuta makamancinsa tun ƙarni na 4. Amurka ta ba da lasisin irin wannan magani a 2022, na haɗiya a 2023. Ba abin gwadawa a gida ba ne: a 2019 wani majiyyaci ya mutu a can saboda an dasa masa bakteriya mai jure magani.

Ga Musulmi akwai tambayar fiƙihu a fili, tunda najasa ce aka mai da magani, kuma wadda aka tace aka sa a kafso ba lallai hukuncinta ya zama ɗaya da ɗanya ba. Babin larura da babin rikiɗar abu daga asalinsa tsofaffi ne a wurin malamai, sai dai su za su zauna da likitoci su ɗora wannan a kai.

Nono da daddawa sun isa, ko sai na sayi na kwalba?

Kindirmo da kamu da kunun zaƙi duk aikin bakteriya masu tsami ne, daddawa kuma Bacillus ce ke ruɓar da kalwa. Abinci ne nagari mai araha. Amma bakteriyar da ka sha yawanci baƙuwa ce mai wucewa, ba ta tarewa. Ciyar da waɗanda ke ciki da wake da ganye da hatsin da ba a surfe shi tas ba ya fi tabbas. Madarar da ba a tafasa ba kuma tana iya ɗauke da tarin fukan shanu. Masu gwajin kashi ta intanet su rubuto maka abin da za ka ci, riƙe kuɗinka, har yau babu ma'aunin da aka yarda da shi na "lafiyayyen" hanji.

Masu binciken ba sa kuskure?

Suna yi, manya ma. A 2014 an ce an gano mazauna a mabiyiya, a 2019 babban bincike ya nuna yawanci gurɓatar kayan gwaji ce. Wata maƙala ta 2020 da ta ce za a gane nau'in ciwon daji daga DNA ɗin bakteriya a jini, mujallar ta janye ta a 2024.

Bayanan nan na wa ne?

Wani ƙidaya na 2022 ya duba samfura fiye da 400,000 da ke rumbunan duniya. Cikin waɗanda aka san asalinsu, sama da kashi 71 cikin 100 daga Turai da Amurka da Kanada suke, Amurka kaɗai kusan kashi 47, ita da ba ta kai kashi 5 na mutanen duniya ba. Ma'ana abin da ake kira hanji na daidai hanjin mai cin burodi ne, ba mai cin tuwon dawa ba, kuma maganin da aka gina a kansa ba lallai ya dace da mu ba.

A ɗaya gefen, nau'o'in da Turai ta rasa a cikin talakawan karkara suke, don haka ana zuwa nema. In aka ware bakteriya daga yaron ƙauye aka mai da ita maganin sayarwa, me ƙauyen zai samu? Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi raba riba kan albarkatun halittar ƙasa, amma ba ta shafi kayan gadon mutum ba, bakteriyar hanji kuwa ta faɗa tsakani: ba mutum ba ce, a cikin mutum take. Akwai kuma batun sirri. A 2015 an nuna cewa daga samfurin hanji ana iya sake gane sama da kashi 80 cikin 100 na masu bayarwa ko bayan shekara guda. Don haka in masu bincike suka zo garinku da 'yan robobi, kafin mai gari ya ce to, a tambaye su inda za a kai samfurin, wa zai riƙe shi, shekara nawa, kuma ko za su dawo su faɗi abin da suka gani da harshen da mutane ke ji.